Hawan Dutsen Ado-Awaye da Iyali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafkin Iyake

Masu yin waɗannan tambayoyi galibi iyalai ne mazauna Ibadan, Legas, Abeokuta da Ilorin, sai kuma waɗanda kan sauko daga Arewa su yi hutun makaranta wurin 'yan uwa. Duk sun ji labarin wani tafki da ke zaune a kan dutse, suna son kai yara su gani, amma suna so su san abin da za su tarar kafin su kama hanya.

Ina ne Ado-Awaye, kuma me ake zuwa gani?

Ado-Awaye gari ne na Yarabawa a ƙaramar hukumar Iseyin ta jihar Oyo, cikin yankin da ake kira Oke-Ogun. Garin yana gindin wani babban dutse mai suna Oke Ado, kuma a saman dutsen ne tafkin Iyake yake. Sarkin garin ana kiransa Alado.

Gara a faɗa muku tun yanzu: tafkin ƙarami ne. Wanda ya je da hoton dam ɗin Tiga a ransa zai sha mamaki, don cikin 'yan mintuna za a zagaye bakinsa. Abin da ya sa ake hawa dominsa shi ne inda yake. Kun gama haki kun baro gari can ƙasa, rufin kwano ya koma ƙanana, sai ga ruwa kwance a kwarmin falalen dutse, ba rafi mai shigowa, ba mai fita. Yaro da ya ga wannan da idonsa ba ya mantawa.

Daga ina ruwan yake zuwa, tunda babu rafi a saman?

Oke Ado irin duwatsun nan ne masu tauri da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, dangin Kufena na Zariya da Zuma na hanyar Abuja. A tsawon zamani, ruwan sama da zafin rana kan ci wasu wurare masu rauni a jikin irin wannan dutse har su zama kwarmi. Da yake dutsen ba ya tsotse ruwa kamar ƙasa, abin da damina ta zuba sai ya zauna. Idan kwarmin ya yi zurfi sosai, rani kan ƙare bai ƙafar da shi ba. Shi ya sa ruwan ke da launin kore-kore, kuma ya fi cika a ƙarshen damina.

Za ku ji ana cewa irin wannan tafki biyu ne kacal a duniya, ɗayan shi ne Hanging Lake a jihar Kolorado ta Amurka. Magana ce da masu tallata wurin suka saba yi, kuma ba sai kun riƙe ta ba kafin wurin ya burge ku. Mutanen garin na da nasu bayanin game da ruwan. Yana ƙarƙashin tambayar da ta shafi addini da al'adar wurin.

Hawan yana da wuya? Yaro ɗan shekara nawa zai iya?

Ba hawan igiya ba ne, ba kuma rarrafe. Kashi na farko matakala ce ta siminti, wadda masu rakiya kan ce taki 369 ce. Nan ne duk wahalar take, don a miƙe take, kuma wasu takun sun ci jiki. Daga ƙarshen matakalar sai 'yar hanya cikin bishiyoyi, sannan a fito kan falalen dutse, inda tafiya ke zama hawa kaɗan, gangara kaɗan.

Yaro lafiyayye ɗan shekara shida zuwa sama kan hau da ƙafarsa, sau da yawa ma shi ke barin iyayensa a baya. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai iya idan ana hutawa, amma ku sa a ranku za a saɓa shi a kafaɗa wani wuri. Wanda bai kai haka ba, ku duba amsar da ta shafi goyo. Dabarar ɗaya ce: mafi ƙanƙanta a cikinku shi ke yanke saurin tafiya. A sa shi gaba tare da babba guda, sauran su biyo baya. Idan aka bar manyan yara suka yi gaba da gudu, ƙaramin zai yi ta ƙoƙarin cim musu har ya sare tun ba a kai rabi ba.

Awa nawa za mu ware?

Manya zalla kan hau, su zagaya, su sauko cikin awa biyu zuwa uku. Da yara ku ware awa huɗu, har da hutu da cin guzuri. Idan tafkin kaɗai kuke so ku gani ku juyo, tafiyar ta fi haka gajarta, kuma ba abin kunya ba ne.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Damina a wannan yanki takan fara wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan sassauci a watan Agusta. A ganina babu kamar Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwan sama ya ɗauke, dutse ya bushe, tafki na cike, daji bai riga ya ƙone ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu akwai sanyin hunturu mai daɗin hawa, sai dai hazo kan rufe nesa, ba za ku hangi ƙasar Oke-Ogun shimfiɗe yadda ya kamata ba. Fabrairu da Maris zafi ne sosai.

A cikin yini kuwa, sammako shi ne komai. Ku kasance a gindin matakala da ƙarfe bakwai, ko takwas idan an makara. Daga sha ɗaya na safe falalen dutse kan ɗauki zafi har ya ratso tafin takalmi, ga shi inuwa ba ta da yawa a saman. Idan da damina za ku je, kada ku hau ranar da aka kwana ana ruwa, saboda gansakuka na sa dutsen santsi. Kuna sama kuka ga hadari na haɗuwa ko kuka ji rugugin tsawa, ku fara saukowa nan take. Kan dutse fili ba wurin jiran aradu ba ne.

Yaya ake zuwa?

Iseyin ce mahaɗa. Daga Ibadan ana bin hanyar Moniya zuwa Iseyin, mai tsawon kilomita 65, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2021. Daga Iseyin kuma sai a ɗauki hanyar da ta yi kudu wajen Igbo-Ora da Abeokuta. Ado-Awaye na kanta. Gaba ɗaya ku lissafa kamar awa biyu daga Ibadan.

Mai tasowa daga Legas na da zaɓi biyu. Ko ya bi ta Abeokuta da Igbo-Ora a mota, ko ya hau jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, wanda ya fara aiki a 2021, ya sauka a tashar Moniya, dama bakin hanyar Iseyin ke nan. Mai saukowa daga Arewa ta Jebba da Ilorin ba sai ya shiga Ibadan ba: daga Ogbomosho ko daga garin Oyo akwai hanyar da ta ratsa zuwa Iseyin.

Idan ba da motarku kuke ba, ku ɗauki shatar mota daga tashar Iseyin, ku yi magana da direba ya jira ku ko ya dawo a lokacin da kuka yanke, ku karɓi lambarsa. Neman motar komawa da yamma da yara a gajiye abu ne mai cin rai. Kada ku ɗora yara uku a kan acaɓa don rage kuɗi.

Dole ne sai da ɗan rakiya? Nawa ake biya?

Ku ɗauke shi. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a kan falalen dutse babu sawun ƙafa da za a bi. Ko'ina kama yake da ko'ina. Ɗan rakiya ya san inda ke da santsi, inda bai kamata yaro ya matsa ba, da wuraren da mutanen gari ba sa son a taɓa. Shi ne kuma mai ba da labarin kowane wuri, wanda shi ne rabin daɗin tafiyar ga yara.

Akwai kuɗin shiga, akwai na ɗan rakiya, kuma sukan canza. Ku tambayi duka biyun a ƙasa kafin a taka matakala ta farko: na babba nawa, na yaro nawa, har ina rakiyar ta kai. Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, kada ku dogara da tura kuɗi ta waya. Idan a cikinku babu mai jin Yarabanci, ku nemi mai jin Turanci ko buroka. Gaisuwa kuwa kada a yi wasa da ita. A ƙasar Yarabawa yaron da ya rusuna wa dattijo ya riga ya buɗe wa iyayensa ƙofa.

Wane irin kaya da takalmi za mu sa?

Takalmi ne kan gaba. Kambas mai ƙasan roba da zane-zane, wanda ƙafa ta saba da shi. Silifas da takalmi mai tsini da sabon fata mai sulɓi duk a bar su a mota. Yara su sa dogon wando saboda ƙaya da kurjewar gwiwa, da hula mai baki.

Hajiya ba sai ta canza suturarta ba, gyara kaɗan ake bukata. Doguwar riga ko hijabi mai jan ƙasa shi ne haɗari a kan matakala, don ƙafa kan taka bakinsa musamman wajen saukowa. Hijabi mai tsayawa a gwiwa, da wando mai faɗi a ƙarƙashin riga, ya wadatar. Maigida kuma ya ajiye babbar riga a masauki. Kayan kowa su shiga jakar goyo, hannuwa biyu su zama a sake: ɗaya na riƙe yaro, ɗaya na dafa dutse.

Me za mu ɗauka na ci da sha?

Babu mai sayar da komai a saman, don haka abin da kuka hau da shi ke nan. Kowane babba ya ɗauki aƙalla lita ɗaya da rabi na ruwa, kowane yaro lita ɗaya, sannan a ƙara gora guda ta alwala da wanke hannu. A riƙa ba yara ruwa kaɗan-kaɗan a kowane hutu tun kafin su ce ƙishirwa.

Guzuri ya zama marar nauyi kuma marar lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, lemo, dambun nama, burodi. A karya kumallo da abu mai sauƙi kafin a fara; hawa da cikin da aka cika da tuwo ba ya daɗi, hawa da yunwa kuma shi ke kawo jiri. A gefen jaka a sa filasta, bandeji, aidin, da fakitin gishiri da sukari na haɗa ruwa.

Mai goyo, mai juna biyu da dattawa fa?

Goyo da zani da majanyi abu ne da uwa ta saba, amma kan matakala mai tsayi nauyin yakan ja ta baya, ga zafin jiki biyu a haɗe. Idan dole ne a hau da jariri, a ɗaure shi sosai, wani babba ya riƙa bin bayanta taku da taku, kuma a tsaya a tafki kada a zarce. Abin da ya fi shi ne a bar jariri a ƙasa tare da wani babba.

Mai juna biyu, musamman idan cikin ya tsufa, ta haƙura. Kaka mai ciwon gwiwa za ta iya hawa amma saukowa ce za ta ba ta wuya, don nan ne gwiwa ke ɗaukar nauyi. Masu hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko farfaɗiya su tambayi likitansu tun a gida. Yaro mai asma ya hau da abin shaƙarsa a aljihu, ba a mota ba. Mai sikila kuma zafi da ƙishirwa da gajiya na iya tayar masa da ciwo, sai a yi masa lissafi na musamman.

Za a iya iyo a tafkin, ko sha, ko alwala?

A'a, kuma wannan ita ce dokar da za ku nanata wa yara tun a mota. Al'adar garin ta hana shiga ruwan. Ko da ba ta hana ba, bakin tafkin dutse ne mai gangara da gansakuka, wanda ya zame ba shi da abin kamawa, kuma ruwan ba ya nuna zurfinsa. Babu mai ceto a saman, asibiti kuma na nesa. Ku sa wa yara iyaka da suke gani, misali inda aka ajiye jakunkuna, ku ce daga nan ba a wucewa sai da hannun babba. Yawancin zamewa wajen ɗaukar hoto ake yinta, lokacin da mutum ke ja da baya idonsa na kan waya.

Za ku iya ganin wasu suna ɗibar ruwan a gora saboda imaninsu. Ku kada ku sha, kada ku ba yara. Ruwa ne kwantacce da ba a tace ba, irin wanda kan kawo gudawa, kuma ruwa kwantacce a ƙasarmu ba a raba shi da tsoron tsargiya. Alwala ku yi da ruwan da kuka hau da shi.

An ce wurin na da alaƙa da bautar gargajiya. Ya dace mu kai 'ya'yanmu?

Gaskiya ne akwai wuraren da masu addinin gargajiya ke girmamawa. Kafin ku isa tafkin za ku ga wani dogon dutse a tsaye mai suna Ishage, wanda akan ɗaura wa farin ƙyalle. Masu wannan imani na zuwa roƙon ruwan sama da biyan bukata a wurinsa. Tafkin kansa ana danganta shi da samun haihuwa, ana kuma cewa wanda ya shiga ba ya fitowa. Kusa da shi akwai wani ɗan rami da ɗan rakiya zai ce kada a sa ƙafa a ciki.

Babu wanda zai tilasta muku yin komai. Musulmi da Kirista suna hawa kullum, kuma Iseyin kanta gari ne mai yawan Musulmi da masallatai. Idan aka ce ku roƙi wani abu a gaban dutsen, ku ce kun gode ku wuce. Abin da bai dace ba shi ne izgili, ko taɓa ƙyallen, ko barin yara su yi jifa cikin ruwan. Ni ina ganin tafiyar dama ce mai kyau ta hira da yara: ga halittar Allah, ga abin da mutanen nan suka gada suke faɗa, ga abin da mu muka yi imani da shi, ga kuma yadda baƙo ke zama da mutunci a garin da ba nasa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya taso.

Bayan tafkin, me kuma ake gani?

Akwai wani kututturen bishiya da ya faɗi ya murɗe har ya yi siffar kan giwa. Yara kan so shi fiye da tafkin ma. Akwai wasu ramuka masu yawa a jikin dutse da ake kira Ese Awon Agba, waɗanda ake cewa sawun magabata ne. Ku bar yara su tsuguna su sa tafin hannu a ciki, su ji yadda cikin ya yi sumul, su yi ta gardamar ko sawu ne ko wurin niƙa ne na mutanen da. Akwai kuma wani ƙaramin tafki, Iya Alaro, da aka sa wa sunan wata tsohuwa marina.

Mutane sun zauna a kan dutsen nan a da. Labarin garin na cewa wani ɗan sarkin Oyo da bai samu gadon sarauta ba ne ya kafa Ado, kuma a zamanin hare-haren mayaƙan masarautar Dahome, da ke ƙasar Benin ta yau, kan dutsen ne mafaka. Idan kuka tsaya a sama kuka ga yadda ake hango mai tahowa tun daga nesa, dalilin zai fito muku fili.

Ina ne ya fi haɗari?

Wuri biyu. Na farko wani kwazazzabo ne mai zurfi da ya tsaga dutsen, ana kiransa Ese Kan Aiye Ese Kan Orun. Matasa kan ratsa shi don nuna jarumta. Iyali mai ƙananan yara su kalle shi daga nesa su juya, ko da ɗan rakiya ya ce ba komai.

Na biyu shi ne saukowa. Kowa ya gaji, ƙafa na rawa, yara na ɗokin isa ƙasa. A nan babba ya shiga gaba, yara a tsakiya, wani babba a baya, kuma ba gudu. Inda dutse ya yi gangara sosai a zauna a sauka da mazaunai. Wando ya yi datti ya fi. A hana yara cusa hannu cikin tsagar dutse saboda kunama da maciji, kuma idan aka ga gidan rina ko zuma a wuce shiru.

Idan yaro ya gaji ko ya ce jiri yake ji fa?

A tsaya nan take, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan ya warware cikin ɗan lokaci ya ci dabino ya fara surutu, ana iya ci gaba a hankali. Idan kuwa yana amai, ko jikinsa ya yi zafi sosai, ko maganarsa ta rikice, tafiya ta ƙare: a sauko da shi a nufi asibiti a Iseyin. Kada a ce saura kaɗan mu kai.

Akwai tsaro ga iyalin Bahaushe a yankin?

Tambaya ce mai tushe. A 2021 an yi rikicin ƙabilanci a kasuwar Sasa ta Ibadan da kuma Igangan a yankin Ibarapa, wanda ke makwabtaka da Oke-Ogun, kuma mutane ba su manta ba. A ɗaya gefen, Hausawa sun daɗe suna zaune suna kasuwanci a Ibadan da Iseyin da Saki, ana cuɗanya ana auratayya, kuma Ado-Awaye gari ne da ya saba da baƙi.

Ku yi abin da matafiyi mai hankali ke yi ko'ina a ƙasar nan. Ku tambayi 'yan uwa mazauna Iseyin ko unguwar Sabo ta Ibadan halin da hanya ke ciki a makon da za ku tafi, ku yi tafiyar rana, ku bar wa wani labarin inda kuka nufa da lokacin dawowa, ku riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro.

Salla, bayan gida da shara fa?

Idan kun bi shawarar sammako, kafin azahar kun sauko, sai ku yi salla a masallacin gari. Bayan gida a gama da shi a ƙasa kafin a hau. Idan ya kama yaro a sama, a nisanta da tafkunan da wuraren da ake girmamawa, don duk abin da aka bari a kan dutse ruwan sama cikin kwarmi zai kai shi. Ku hau da leda guda ta shara, ledar ruwa da ɓawon ayaba duk su sauko tare da ku.

Ina za mu kwana, kuma me za mu yi da sauran yinin?

Don a samu sammako, ku kwana a Iseyin, inda masaukai suka fi yawa, ku taso bayan asuba. Bayan saukowa ga amala da miyar ewedu da gbegiri, ga kuma cukun Fulani da ake samu a yankin. Iseyin ta shahara da saƙar aso-oke, wato yadin gargajiya na Yarabawa, kuma masaƙa na aiki a fili cikin unguwanni. Yaron da ya taɓa ganin masaƙa a Kano ko Zariya zai gane aikin nan da nan. Masu kwana biyu na iya ƙarawa da dam ɗin Ikere da ke kan kogin Ogun, wanda aka fara gininsa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, amma ku tambayi halin hanyarsa a tasha tukuna, kuma kada ku haɗa shi da hawan dutse a rana ɗaya.